Shuɗin Zane Mai Farin Baki

Erlenbronn,
12 ga Fabrairu, 1956.

Zuwa ga ƙanwata Priska,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki Ewald da 'yar lelenku Marlis, ya kuma kare ku daga sanyin Kanada da kike ta ba mu labarinsa kamar mu nan a bakin murhu aka haife mu. Mu ma muna nan, mun gode Allah. Dusar ƙanƙara ta kai bakin taga, hanyar gangare ta toshe kwana huɗu, motar madara ba ta hawo ba sai da maza suka fita da shebur. Jar saniyarmu ta haifi maraƙa. 'Yata Lioba ta yi tari a farkon wata amma ta warware, ta kuma yi tsawo har ta kusa kamo kafaɗata. Innarku tana tashi, tana ci, tana zuwa coci da ƙafarta. Sauran labarinta yana gaba, don shi ne ma dalilin wannan wasiƙa. Ƙunshin da kika aiko na Kirsimeti ya iso da kofi da sabulu da rigar sanyi, an gode, Allah ya ƙara buɗi. Da gangan na fara da godiya, don in na shiga abin da ke cina ba lallai in tuna da ita ba.

Wasiƙarki ta zo ranar Talatar da ta wuce. Na karanta ta a tsaye a kicin, na zauna na sake karantawa ko idona ne ya yi mini ƙarya. Kin ce an nuna fim ɗin da aka yi a kwarinmu a zauren ƙungiyar Jamusawa ta Winnipeg, kin shiga har sau uku, kin yi kuka har hankicinki ya jiƙe. Kin ce kin ga duwatsunmu da cocinmu, kin ga Lioba tana miƙa wa amarya furanni kamar mala'ika, matan da ke zaune kusa da ke suna ta taya ki murna da kika ce 'yar wanki ce. Duk wannan ban ce komai ba, wanda yake nesa da gida ko hoton tulu ya gani sai ya yi hawaye. Amma sai kika roƙe ni in aiko miki da zanen gaban da ta ɗaura a kan siket, shuɗin nan mai farin layi a baki, wai Marlis za ta sa a bikin rawar ƙungiyarku idan sanyi ya wuce. Har kika ƙara da cewa kamar kina tuna kin taɓa mallakar irinsa kina ƙarama. Priska, da kina kusa da ni a lokacin da na kai wannan layin, da mun yi abin da ba mu taɓa yi ba tun ranar da na shigo gidanku.

To bari in taimaki wannan tunanin naki da ya yi rauni. Kin taɓa mallakar irinsa, ƙwarai kuwa. Shekarunki takwas lokacin da itace ya danne Babanku a dajin bayan injin katako. Inna ta ɗinka miki shi kafin a kai Babanku makwanci, kika ɗaura shi kowace Lahadi shekara guda cur. Ke da bakinki kika ba ni labarin yadda kika yi birgima a ƙofar coci ranar bikin waliyyin gari, don duk 'yan mata suna cikin jan zane ke kaɗai a shuɗi, sai da yayanki Fridolin ya saɓa ki a wuya ya kai ki gida. Ko jaririn kwarin nan a da ya san karatun. Ja na biki ne. Shuɗi zalla na rasuwar dangi ne. Shuɗi mai farin layi a baki kuwa magana ɗaya yake yi: uban wannan yarinya ya mutu. Yarinyar da ta ɗaura shi ba ta buƙatar buɗe baki, ana matsa mata a benci, mai burodi yana ƙara mata guda ba tare da ya dube ta ba. Shekara biyar kacal kika yi a wata ƙasa, har kin kalli 'yar wanki a cikinsa sau uku kina tafi. Mutanen fim baƙi ne, an kuwa ce baƙo ko da ido makaho ne. Ke ban san uzurin da zan nema miki ba.

Kin san yadda Inna take tun ranar da takardun mijina Fridolin suka daina zuwa daga Rasha, shekara goma sha biyu ke nan in Allah ya kai mu lokacin yankan ciyawa. Hukuma ta ce ya ɓata, ita kuma ta riƙe wannan kalma da haƙoranta: abin da ya ɓata ana iya ganinsa. Kina nan lokacin da Fada, limamin cocinmu, ya zo da maganar a yi masa addu'ar matattu, ta ce masa in yana neman gawa ya gangara maƙabarta, akwai su da yawa. Bayan tafiyarki da aka kafa dutsen tunawa a gaban coci, mai sassaƙa ya zo tambayar yadda ake rubuta sunan, da tsintsiya ta raka shi har bakin hanya. Tun watan Oktoba da aka fara sako ragowar fursunonin yaƙi, rediyo yana karanto sunayensu jirgin ƙasa bayan jirgin ƙasa, ba ta bar gefen akwatin nan ba. Tana zaune da takalmansa na Lahadi a cinya tana goge su, in an zo sunayen da suka yi kama da namu sai hannunta ya tsaya. A cikin wannan hali ne aka kawo mana fim ɗin da ya sa ki kukan daɗi.

Yanzu zan faɗa miki abin da na ɓoye muku duka, kuma ki zauna kafin ki ci gaba. A ƙarshen shekarar 1953 wani mutum mai suna Severin, ɗan kwarin da ke bayan namu, ya dawo daga sansanin fursunoni. Ya tako har gonarmu ya same ni ni kaɗai ina haƙar dankali. Ya tuɓe hularsa, ya ce tare suka zauna da Fridolin, kuma zazzaɓi ya ɗauke shi a hunturun 1946, shi da hannunsa ya taimaka aka rufe shi. Priska, yayanki ya rasu, shekara goma ke nan. Ranar na zauna a kan kunyar dankali har kwandon ya jiƙe da yayyafi, sannan na roƙi mutumin ya rufa mini asiri. Inna ta riga ta binne miji, zuciyarta kuma likita ya ce a lallaɓa. Na ce a raina in na cire mata wannan jiran me zan bar mata? Ke kuma na san ba ki iya riƙe magana, a wasiƙa ta biyu za ki fesa mata. Sai na haɗiye. Ban sa baƙi ba, ban sa an kaɗa ƙararrawa ba, na ci gaba da amsa gaisuwar masu cewa Allah ya dawo da shi. Abu ɗaya kawai na yi wa kaina: na sayi shuɗin yadi a gari, na ɗinka wa Lioba zanen maraicinta a ɓoye, na ninke na kai ƙasan adakata, ƙarƙashin kayan aurena. Shi ne iyakar takabar da na yi wa mijina. In wannan laifi ne, nawa ne, kuma na biya.

Sai ga mutanen fim a watan Yulin bara da manyan motoci uku. Ba ki ga yadda suka mai da mu ba. Wani mai ƙaton tumbi da baƙin tabarau ya tsaya a dandali yana nuna gidaje da sanda kamar mai zaɓen awaki. Suka sa aka kwashe tarin taki daga ƙofar kowa, suka rataya tukwanen furanni a tagogin da tun kakanninmu ba a taɓa ratayawa ba. Blasius, wanda ya baro ƙafarsa a yaƙi, yana zaune a bencinsa na kullum, suka ce ya ɗan gusa bayan coci, wai zai ɓata hoto. Iyalin 'yan gudun hijirar da ke zaune a rumbun maƙwabta aka ce su kwashe shanyarsu. Yaranmu da ke yawo da rigunan da aka yanka daga tsoffin kwat na soja, sai ga su an yi musu ado na ranar biki an tura su kiwon awaki a kan dutse. Wace uwa ce mai hankali za ta bar ɗanta ya bi akuya da rigar da aka gada tun kaka? Wannan ce ƙasar da kika yi wa kuka, ƙasar da babu gurgu, babu gwauruwa, babu wanda ya tafi bai dawo ba. Ni dai a nan nake zaune kuma ban taɓa ganinta ba.

An zaɓi yara goma sha biyu daga makaranta, har da Lioba. Na yarda, don me zan hana ta abin da sa'o'inta ke yi? Na fito mata da jan zanenta na goge, na ɗora a kan gado, na hau tudu yankan ciyawa tun da safe, Inna kuma ta tafi taya maƙwabciya tsinkar 'ya'yan itace. Ashe bayanmu matar da ke kula da suturarsu ta biyo gida gida, wata 'yar birni mai jan baki da sigari. Ta kalli jan zanen ta taɓe baki, ta ce ja ya ishe ta, duk ƙauyen da ta je ja ne, ba wani abu dabam a gidan nan? Yarinya 'yar shekara goma, babbar mace daga birni tana tambaya, sai ta kai ta ɗakina ta buɗe mata adaka. Matar nan ta zura hannu har ƙasa, ta birkice kayan aurena, ta zaro shuɗin zanen nan. Wai da ta ɗaga shi a hasken taga cewa ta yi wannan shi ne ainihin na gargajiya, kuma zai fito da idon yarinyar. Lioba ba ta san ko mene ne ba. Yaya za ta sani? Tun da aka yi yaƙi aka daina sa wa yara, marayun sun yi yawa, yadin ya yi kaɗan. Suka kwashe yaran a mota zuwa bakin tafkin da ke bayan dutse, inda ba wani ɗan gari da zai gani, sai malamar makaranta, ita ma baƙuwa ce daga gabas. Da yamma yarinya ta mayar da shi inda yake kafin in sauko, ta yi shiru don tana tsoron faɗan buɗe adaka. Ta nuna mini cakulan da aka ba su, na ce ta yi godiya dai ko.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Nuwamba aka kawo majigi zauren gidan saukar baƙi, bayan abincin rana, aka toshe tagogi da barguna. Gari duka ya hallara. Da ƙyar na raba Inna da rediyo, na ce ta zo ta ga jikarta, ni da bakina na ja ta. Da farko dariya ake ta yi. Jarumin ya zauna tatsar saniya ta ɓangaren da ba a zama, maza suna cewa saura kaɗan ta aika shi lahira. Amaryar ta fito da hular wani kwari dabam, da rigar wani, da takalmin birni. Sai aka zo wurin ɗaurin aure a bakin tafki, ana kiɗa, yara suna tafe biyu biyu. Hoton ya matso, ya matso, sai ga Lioba ta cika bango, daga kai har gwiwa, tana dariya haƙora a waje, furanni a hannu, farin layin nan yana ƙyalli a bakin shuɗin zane. Matasa suka ɗauki tafi da fito. Amma layin tsofaffin mata ya yi tsit, na ji shirunsu a bayan wuyana. Inna ta miƙe tsaye a cikin hasken na'urar, inuwarta ta rufe rabin bangon. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya wa ya ce wa yarinyar nan ubanta ya mutu. Ta ƙara kallon bangon, sannan ta juyo gare ni ta ce ta gane ɗinkin, a duk kwarin nan mace ɗaya ce ke karya kusurwa haka. Ta ɗauki sandarta ta fita, ta hana kowa ya raka ta.

Fiye da mako bakwai ba ta yi mini magana ba. Ta kwashe shimfiɗarta da rediyo ta koma ɗan ɗakin tsofaffi na bayan gida, wanda ba a hura wa wuta ba tun rasuwar kakarku. In na kai miya sai in dawo in tarar da ita a bakin ƙofa ta daskare. In tana son wani abu sai ta ce wa Lioba ta gaya wa matar nan da ta binne ɗanta da rai. Gari kuwa kin san shi. A wurin auna madara Theres ta gidan gada ta ce, yadda zan ji, wai wasu sun ƙosa a rubuta gona da sunansu, wasu kuma sun ga mai injin katako ba shi da mata. Na ajiye garwata na ce mata in mai injin katako take yi wa talla ta kai masa kanta, ni ko kyauta aka ba ni ba ni da wurin ajiye shi, kuma ta fara wanke garwarta kafin ta wanke sunan mutane. An yi dariya, na ɗauki garwata na dawo gida. Mafi ciwo ita ce Lioba. A makaranta ana kiranta tauraruwa, a hanya tsofaffi suna shafa kanta suna share ido. Rana ta uku ta same ni a turken shanu ta tambaye ni, ba kwana kwana, ko Babanta ya mutu. Uban da ba ta taɓa gani ba sai a hoto, amma kullum tana ajiye masa rabin abin da aka ba ta mai daɗi. Na gaya mata gaskiya a tsakanin shanu, da bokiti a hannuna. Ba haka na so ta ji ba, ba a nan ba, kuma ba don wata mai jan baki ta gaji da ganin ja ba.

Na rubuta wa kamfanin fim ɗin takarda shafi uku. Na bayyana musu abin da zanen yake nufi, na roƙe su su yanke wannan ɗan wurin, ko minti ɗaya bai kai ba. Kin san abin da suka aiko? Kati mai hoton jarumar tana murmushi, an buga a baya wai suna godiya da ƙaunar da nake yi wa fim ɗinsu. Yanzu haka hoton Lioba yana manne a ƙofar silima ta gari, ana kuma sayar da shi a katin gaisuwa a tashar jirgi. 'Yata tana yawo birni birni tana shelar mutuwar ubanta tana dariya, mutane suna cin gyaɗa suna cewa kai, ƙauye da daɗi. Ga shi har ta ƙetare teku ta iso gaban ƙanwarsa, ita ma ta ce a aiko mata da irinsa. Katin na saka shi a murhu, ko ɗumi bai ba ni ba.

A tsakiyar Janairu rediyo ya ce jirgin ƙarshe ya iso, ba sauran wani. Lioba ce ta zo ta ce mini Kaka ta kashe akwatin da kanta. Na ba Inna kwana biyu, sannan na shiga ɗakin ba tare da na ƙwanƙwasa ba, na tsaya na faɗa mata komai, da Severin, da gonar dankali, da adaka. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa bango ita ba ta karɓar mutuwar ɗanta daga bakin maƙaryaciya, a kai ta wurin mutumin. Washegari muka shiga motar gari, muka sake wata, muka taka ragowar hanya tana riƙe da sandarta, ba da hannuna ba. Severin yana gyaran keken shanu muka same shi. Ya shigar da mu, ya ba ta labarin ba ƙari ba ragi. Inna ta ce sunan Fridolin ba shi kaɗai ke da shi ba a Jamus, da me zai shaida nata ne? Ya ce in yunwa ta hana su sukuni Fridolin yakan ba su labarin uwarsa, wadda ke ɓoye busasshen tuffa a cikin akwatin agogon bango tana zaton yara ba su sani ba, shi da ƙanwarsa kuwa kullum sai sun ɗebi biyu biyu. Inna ta daɗe tana kallon hannuwanta. Can ta ce ai ta sani, don su take zubawa, in ba haka ba wa ke ajiye abinci inda hannun yaro ke kaiwa. Ta tambaye shi ko an rufe masa ido. Ya ce shi ya rufe. Ta yi masa godiya, ta ce ya rage shan taba, ƙirjinsa yana ƙara.

A mota muna dawowa ne ta fara yi mini magana. Ta ce shekara biyu da wata uku na ci wannan abu ni kaɗai kamar ɓarauniya, na bar ta tana goge takalmi kamar mahaukaciya, gari yana kallo. Ta ce ɗanta ne kafin ya zama mijina, ba ni da ikon auna mata abin da za ta iya ɗauka. Gaskiyarta ce kuwa. Da muka iso ba ta shiga ɗaki ba. Ta zagaya bayan rumbu inda amyoyin zumar Fridolin suke lulluɓe da ciyawa, ta share ƙanƙarar da hannu, ta ƙwanƙwasa kowace ɗaya sau uku a hankali, ta gaya wa ƙudan maigidansu ya rasu, yadda ake yi ranar da aka yi mutuwa. Ta shiga turke ta gaya wa shanu. Sannan ta leƙo kicin ta ce ba ta yafe mini ba tukuna, kada in yi zaton ta yafe, amma in zubo miyar. Ranar Asabar ta makon jiya aka kaɗa masa ƙararrawa, Fada ya yi addu'ar da ta hana shi yi shekara da shekaru. Blasius ya zo da sandunansa ya zauna a layin gaba. Zanen ya yi wa Lioba gajere, Inna ta karɓa ta warware bakin ta sake shi da hannunta, tana ɗinki tana mita wai kusurwata kamar kunnen alade. Da yarinyar ta shiga coci aka matsa mata a benci.

To ga amsar roƙonki. Wanda kika gani a fim ba zai zo ba, mai shi tana amfani da shi har shekara ta zagayo, kuma ina roƙon Allah kada Marlis ta buƙaci irinsa sai ta ga jikokinta, Allah ya ja da ran Ewald. Amma ƙunshi yana hanya. A ciki akwai shuɗi zalla, marar layi, na 'yar da ta rasa kawu. Inna ce ta yanka ta ɗinka, da awon da kika aiko don rawa. Ta ce Marlis ta sa shi zuwa coci Lahadi shida, ba zauren ƙungiya ba. Akwai kuma baƙin ɗankwali naki. In matan da suka taya ki murna sun tambaya, ki gaya musu abin da suka kalla. Na zage ki a wannan takarda, ban kuma janye ko kalma ɗaya ba, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na san a ƙarshenta kuka za ki yi, na gaske wannan karon, ga shi ba ni kusa balle in riƙe ki. Ni ma in za ki zage ni kan abin da na ɓoye miki, ki zaga, na shirya. Sai dai ki fara rubuta wa Inna, ita kaɗai, da hannunki, kada ki haɗa da tawa. Ke kaɗai kika rage mata cikin waɗanda ta haifa.

Ki gaida Ewald, ki ce masa na gode da haƙurin da yake yi da ke. Ki sumbaci Marlis, ki gaya mata tana da kawu mai kirki da ya iya saɓa yarinya a wuya. Lioba tana gaishe ku, ta ce hoton Babanta da kika tafi da shi, wanda yake riƙe da doki, in kin yarda a yi mata kwafi. Fada ya ce a yi miki ta'aziyya. Inna ba ta ba da saƙon gaisuwa ba, ta ce sai ta ga takardarki. Ubangiji ya ji ƙan Fridolin, ya ba shi hutawa, mu kuma ya ba mu haƙurin juna.

Ni ce taki,
Ottilie,
matar marigayi yayanki. Yau ne karo na farko da na rubuta wannan kalma, ki yi haƙuri da yadda tawadar ta baje.